Labbo Abuja Ya Yi wa Gidan Inna Kwalliya

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi na bakin tashar Anka ya san Labbo Abuja. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Abujar nan da ake laƙaba masa, damina ɗaya tak ya yi a can yana gadin wasu gidaje da aka gina don sayarwa, aka sallamo shi saboda barci. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya zana garin ya kuma raɗa wa tituna suna. Ka ce masa shayin nan ya yi zafi, ya ce a Abuja shayi da kansa yake hucewa. Ka ce akuyarka ta haihu, ya ce a Abuja akuya sai ta sanar tukuna.

Mahaifinsa, Malam Abdullahi ladan, ya rasu ya bar gida jikin masallacin unguwa. Daga mahaifiyar Labbo, Inna Sahura, sai shi Labbon a ciki. Da gwiwoyin Inna suka fara ba ta wahala, ɗiyarta Husaina da ke aure a Gummi ta matsa mata lamba ta koma wurinta. Aka zauna aka yanke a sayar da gidan, kowa ya ɗauki rabonsa. Labbo kuwa tun ba a tashi daga zaman ba ya hau babur ɗin da zai saya da nasa rabon. Ja ne, mai madubi biyu. Ya gaya wa duk tasha. Har abin rataye makulli ya riga ya saya, wani ɗan roba mai siffar takalmi, yana yawo da shi a yatsa yana juyawa, ba makulli ba babur.

Sai dai gidan ya ƙi sayuwa, dalili kuwa Inna ba ta yar da komai. Tun daga zaure kake fara tsallake. Ga turmin da ya tsage, ga taɓaren da suka haifi wasu taɓaren, ga kwanon rufi mai tsatsa, ga rediyon marigayi da ya daina magana tun kafin mai shi ya daina. A ɗaki kuwa kumbuna ne cikin kumbuna, ledoji cikin leda, ga buhunan da ita kanta sai ta sansana take sanin abin da ke ciki. Mai saye na farko ya yi tuntuɓe da dutsen niƙa ya koma da ɗingishi. Na biyu ya leƙa ɗaki, agwagwa ta fito masa daga ƙarƙashin gado, bai ko yi sallama ba.

Ana nan sai aka ce wani Alhaji Shamsuddeen, baƙo mai sayen zinari, yana neman gidan da zai ajiye iyalinsa a Anka, zai zo ranar kasuwa ya duba. Labbo ya gyara hula ya shiga wurin Inna.

"Inna, kin san abin da yah hana gidan ga sayuwa?"

"Lokaci bai yi ba."

"Ba lokaci ba na, tarkace na."

Inna ta ajiye tsintsiya. "Ina tarkace cikin gidan ga? Nuna min guda."

Labbo ya miƙa hannu ya ɗauko wata fitilar ƙwai, ba ƙwan ba lagwani. "Wagga."

"Da haskenta anka haihe ka. Aje min."

Ya ɗauko takalmi ƙafa ɗaya. "To wanga hwa?"

"Ɗan'uwansa na nan cikin gidan ga, za shi hitowa."

"Inna, saurara ki ji ilimi. A Abuja in za a sai da gida, kwalliya aka yi mai awa amarya. A kwashe komi, a shahe bango, a aza kujeru masu taushi, a sa turare. Mai saye shi shigo shi ga kansa zaune ciki, ba shi ga kakar wani ba. Ni da idona na ga gidan da anka yi wa haka, mutum ya shigo da niyyar gaisuwa ya hita da makulli."

"Kai kana ina lokacin? Ba barci kaka yi ba?"

"Ido guda nika ruhewa, Inna."

Da ƙyar dai, da Husaina ta sa baki ta waya, Inna ta yarda a yi kwalliya, amma da sharaɗi: a gyara, kada a fitar mata da ko tsinke. Labbo ya ce ya ji. A ransa ya ce Inna ba ta san Abuja ba.

Ya ɗauko amininsa Makau mai faci, mutum mai ƙarfi kamar ingarma, mai tsoro kamar zomo, ya naɗa shi mataimaki. Suka fara da shafe. Labbo ya dama farar ƙasa, ya ce a Abuja fari zalla ƙauyanci ne, ya juye bula a ciki. Bango ya bushe ya fito kamar wanda aka yi wa duka, nan fari nan shuɗi. Akuyar maƙwabciyarsu Bara'atu ta shigo ta goga jikinta, ta koma gida rabinta shuɗi. Bara'atu ta kore ta da muciya har sau biyu kafin akuyar ta yi kukan da ta gane ta.

Akwai wata tsaga a bangon ɗakin tsakiya. Labbo ya ce ba a liƙe tsaga, ɓoye ta ake yi. Ya samo madubi, ya kafa ƙusa, ya ɗaga guduma ya buga da ƙarfin Abuja. Wani curin ƙasa kamar tulu ya ɓalle ya sauka a babban yatsansa. Tsagar da da ƙyar allura ke shiga ta koma taga, har ana hango awakin Bara'atu.

"Madubin ba shi ruhe wanga," in ji Makau.

"Dama taga nika so," in ji Labbo, yana tsalle da ƙafa ɗaya. "Gida ba iska ai kabari na."

Saura kujeru. Duk unguwar ba mai kujerun kushin sabbi sai Bara'atu, wadda ta tara wa ɗiyarta Rufaida kayan ɗaki, biki wata mai kamawa. Labbo ya je ya durƙusa, ya yi yabo, ya yi alkawarin ranar kai amarya shi zai ja ayari da jan babur.

"Babur ɗin da ba a saya ba?" in ji Bara'atu. "Kai da ka mai da min akuya tsuntsuwa? To ji nan. In ko ƙuda yas sauka bisa kujerun ga, kai da ni sai gaban alƙali. Ka ruhe su da ƙyalle, kada gumin kowa shi taɓa su."

Babbar kujerar ta ƙi shiga ƙofar ɗaki. Labbo ya ɓalle ƙyauren, kujera ta shiga, ƙyaure ya ƙi komawa. Ya jingine shi ya ce a Abuja manyan gidaje ba su da ƙyaure, labule ake sa musu.

Ranar kasuwa ta zo. Tun da hantsi Labbo ya tsayar da ɗan kabu-kabu a ƙofar gida, ya ce Inna ta tafi can ƙarshen gari ta wuni wurin ƙawarta Atine.

"Don mi? Korata za ka yi gidan mijina?"

"Inna, mai gida ba shi tsayawa in mai saye ya zo. Doka ta. In kina nan, shi ce bangon ga ya yi kyau, ki ce mai damina uku yana zuba."

"To ƙarya zan yi?"

"Shi ya sa nic ce ki tahi."

Inna ta hau tana mita, tana laluben zani tana cewa kamar ta manta wani abu. Labbo ya buga wa ɗan kabu-kabu baya, suka wuce. Ba wanda ya ga fitarta, kowa ya yi kasuwa.

Labbo ya ruga shi ma. Ya tsaya wurin mai yadi ya ce a yanko masa farin yadi, na rufe kujeru da labule. Mai yadi ya dube shi, ya ce, "Labbo, lahiya? Hwari sol haka da sahe?" Labbo yana son abin ya zo wa mutane ba zato, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Za ku gani da idonku." Ya wuce wurin mai turare ya sayi na wuta da na fesawa. Ya tare masu ruwa ya ce su juye masa duk abin da ke cikin jarkokinsu a gida, za a yi wanki. Ya dawo ya shimfiɗa sabbin tabarmi a ƙofar gida, inda zai tarbi Alhaji. Ya ja da baya ya duba, ya ce ko a Abuja sai haka.

Saura babban aiki, kwashe tarkace. Makau ya ce akwai kangon kawunsa a bayan gari, ta hanyar maƙabarta, a zuba a can har a gama ciniki. Suka fita neman amalanke, duk suna kasuwa. Baro ko ɗaya babu. Labbo ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya, sai idonsa ya sauka kan makarar masallaci, wadda tun zamanin mahaifinsa a zauren nan ake jingine ta.

"Makau, dubi ikon Allah. Dama ba ni barin Alhaji shi shigo gida makara ta tarbe shi. Ga abin da za a hitar, ga abin hitarwa."

Makau ya ja da baya. "Labbo, makara ta hwa!"

"Gado na mai hannuwa huɗu."

"A Abuja ma da makara aka kwasar kaya?"

"A Abuja ba a tsayawa tambaya. Kama."

Suka shimfiɗa tsohon bargo, suka jera taɓare a tsaye, suka aza turmi da dutsen niƙa, suka ɗora kumbuna da rediyo da fitilar da aka haifi Labbo da haskenta, suka cusa tsummoki don kada kwanoni su yi ƙara. Wani buhu ya yi gardama, Labbo ya danna shi da gwiwa. Ashe tsohon barkono ne da ya daku da kansa don daɗewa. Ya fashe ya turnuƙe su. Suka yi ta atishawa, idanu suka yi jawur, hawaye da majina suna zuba. A haka suka lulluɓe kayan da ragowar farin yadi don kada iska ta ƙara tayar da barkonon, suka ɗora tabarma, suka ɗaure. Labbo a gaba, Makau a baya, suka fito.

Bara'atu tana bisa turmi tana leƙen katanga don ta ga halin da kujerunta ke ciki. Ta ga ɗakin Inna wayam. Ta ji ƙamshin turaren wuta. Ta ga tsakar gida jiƙe da ruwa. Ta juya ta ga makara ta fito da farin ƙyalle yana leƙowa, ga Labbo yana hawaye. Ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu.

"Wayyo Inna Sahura! Wayyo uwar unguwa! Jiya-jiya munka yi hwaɗa kan akuya!"

Dattawan da ke zaune gindin darbejiya suka miƙe da salati. Kafin Labbo ya haɗiye atishawar da ta taso masa, wani ya zare masa hannun makara daga kafaɗa, wani ya karɓi na Makau. Ai ba a ganin makara a bar mutum biyu da ita, kowa na son ladan. Mai yadi ya iso da gudu yana cewa shi tun da safe jikinsa ya ba shi. Mai turare ya ce shi ma. Masu ruwa suka ajiye kura suka bi sahu.

"Jama'a, ku tsaya," in ji Labbo. "Ba..." Atishawa ta katse shi. "Ba..."

"Yi shiru, ɗana," in ji wani tsoho, ya rungume shi. "Kada ka yi magana, zuciyarka ta cika. Uwa ba wasa ba ta."

Wani daga cikin masu ɗauka ya gyara kafaɗa ya ce a hankali, "Ashe Inna na da nauyi haka? Ga ta 'yar mitsitsiya."

"Nauyin alheri na," in ji na kusa da shi. "Bayin Allah haka suke."

Ba su kai kwanar makaranta ba sai ga Liman, Malam Junaidu, ya tare hanya da sandarsa. Malam Junaidu mutum ne da ko takalmi ka ajiye a karkace ƙofar masallaci sai ka ji a jikinka. Ya dubi makara, ya dubi Labbo.

"Labbo! Matar ladanina ta rasu, ina jikin gidanku, ba ka hwaɗa min ba? Wa yas sallace ta? Ina za ka kai ta ɓoye awa kayan sata? Wanga ma cikin ilimin Abuja shike?"

Nan ne ya kamata Labbo ya faɗi gaskiya. Ya buɗe baki. Ya dubi sandar Liman, mai kan ƙarfe. Ya tuna abin da ke cikin makarar masallacin Liman. Ya rufe baki.

"A mai da ta ƙohwar gida," in ji Liman. "A yi shela, a kira mutanen kasuwa. Ba a kai Sahura awa marar dangi."

Ayari ya juya. Tarkacen da Labbo ya sha barkono ya fitar, ga shi ya kama hanyar gida bisa kafaɗun dattawa, ana ta karɓa-karɓa. Daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Shamsuddeen ne, ya iso tasha.

Labbo ya jawo Makau gefe. "Ka ga, ƙaramin abu na. Ni zan tai in ɗauko Alhaji, in zagaya da shi kaɗan. Kai ka ja Liman gehe ka yi mai bayani cikin hikima. Kahin mu iso kowa ya watse, ka kai kayan kango, ka share ƙohwa."

"Ni? Liman? Labbo, ka dubi girman Allah..."

Labbo ya riga ya sha kwana.

A tasha ya goge ido da hannun riga, ya tarbi Alhaji da hannu biyu. Alhaji mutum ne kamili, mai fararen kaya da ƙaramar jaka. Labbo ya shiga motarsa ya fara nuna hanya, hagu, dama, hagu, ya nuna masa asibiti, ya nuna masa filin ƙwallo, ya sake nuna masa asibiti.

"Malam Labbo, kamar mun wuce nan ɗazu."

"Asibiti biyu gare mu masu kama da juna, Alhaji. Amma bari ka ga gidan. Abin da za ka hi so shi na shiru. Unguwarmu ko tari kay yi sai ka ji kunya. Ba hayaniya, ba taro, ba tarkace. Tsarin Abuja sak."

Suka shigo layin. Mota ta kasa gaba. Mutane ne maƙil tun daga kan kwana, kasuwa ta watse kaf ta dawo nan. An zo daga Gwashi, an zo daga Bukkuyum, waɗanda kasuwa ta kawo duk sun biyo. Sabbin tabarmin Labbo sun cika da dattawa, kamar dama don su ya shimfiɗa. Daga cikin gida kukan mata ke tashi, ta sabuwar tagar da ya fasa kana hango su jere bisa kujerun Rufaida, suna share hawaye da farin yadi.

"Inna lillahi," in ji Alhaji. "Rasuwa aka yi a maƙwabta?"

"E... kusa dai."

"To ai ciniki ya jira. Mu samu sallar."

Kafin Labbo ya riƙe shi, Alhaji ya fita ya nemi buta. Jama'a suka hango Labbo, aka buɗa masa hanya, ana dafa shi ana tura shi gaba har sahun farko. Ga makara a ƙasa gaban Liman. Ga Makau a tsaye, hannu a ƙirji, yana kuka riris.

Labbo ya matsa ya raɗa masa, "Kai, bayanin hwa?"

"Na je. Na buɗe baki, yac ce in tai in yi alwala."

"To kukan mi kaka yi?"

"Kowa na yi, Labbo. Kuma Inna mutuniyar kirki ta."

Alhaji ya kutso ya kama hannun Labbo, idonsa ya cika. "Bawan Allah, yanzu ake gaya mini. Mahaifiyarka ta rasu yau, amma ka zo tasha ka tarbe ni don cika alkawari? Wallahi ban taɓa ganin irinka ba."

Labbo ya ce, "Haka muke." Bai san lokacin da maganar ta fito ba.

Liman ya juyo yana daidaita sahu da sanda. "A matso. A cike giɓi. A yi shiru." Wuri ya yi tsit, har kukan matan ya lafa.

Sai makara ta fara kiɗa.

Ƙaramar wayar Inna ce mai tocila, wadda take ƙullewa a leda ta saka cikin kumbo ta rufe da wani kumbon. Abin da take lalube ke nan da safe. Ƙarar ta bi ta cikin kwanoni ta fito tana karkarwa kamar ana buga ƙararrawa cikin rijiya. Sahun farko ya koma na uku. Na ƙarshe ya fara neman takalmi. Mai yadi ya haye katanga. Liman kaɗai bai motsa ba, amma sandarsa ta motsa.

"An ɗaure ta da waya?" in ji wani daga baya. "Wanga wane irin zamani na!"

Ba a gama wannan ba sai ga ƙarar kabu-kabu yana ta oda yana keta taro. Ya tsaya. Wata 'yar tsohuwa ta sauko da ƙyar tana dafa gwiwa, ta gyara mayafi.

Abin da ya biyo baya, har yau in an tambayi mutanen Anka kowa cewa yake shi bai gudu ba, matsawa ya yi. Amma takalman da aka tsinta a layin nan sun cika buhu.

"Ku tsaya, 'yan nema!" in ji Inna Sahura. "Ni ta, da raina. Ina zaune ina shan hura, wata ta shigo ta durƙusa tana yi wa Atine gaisuwata. Nic ce to bari in zo in ga wa anka kashe da sunana."

Ta taka har gaban makara, waya na ta kiɗa. Ta kwance igiya, ta yaye tabarma, ta yaye farin yadi. Barkono ya tashi, Liman ya yi atishawar da rawaninsa ya karkace. Ga taɓare, ga rediyo, ga takalmi ƙafa ɗaya.

Inna ba ta yi maganar mutuwarta ba. Ta ɗago fitilar ƙwai, ta juyo a hankali.

"Labbo. Mi nic ce ma kan ko tsinke?"

"Inna, ajiya za mu kai..."

"Maƙabarta?"

"Kusa da ita dai."

Dariya ta fashe daga baya, ta biyo sahu-sahu har gaba. Waɗanda suka gudu suka dawo suna riƙe ciki. Liman bai yi dariya ba. Ya ɗaga sanda, Labbo ya zagaya bayan Alhaji, Liman ya zagayo, suka yi ta kewaya baƙo kamar rumbu. Bara'atu ta fito da ƙafar kujera a hannu, don mata takwas ne suka zauna kan kujerar mutum uku.

"Labbo Abuja! Na yi kukan banza, kuma an karya min kayan ɗiya! Hito daga bayan bawan Allah!"

Alhaji Shamsuddeen ya yi dariya har ya zauna a tabarma. Da ya samu numfashi ya ɗaga hannu. "Jama'a, ku saurara masa. Ni dai na ga abin da na zo gani. Ina yawan tafiya, iyali zan bari. Unguwar da za a bar kasuwa a taru haka saboda tsohuwa ɗaya, nan nake son su zauna. Ban damu da shuɗin bango ba. Hajiya, na sayi gidan."

Labbo ya fito daga ɓoyo kamar an hura shi. Ya gyara hula, ya zaro ɗan takalmin robarsa ya fara juyawa a yatsa. "Kun gani? Kun gani ko? Duk cikin tsari na! Ni nis shirya shi haka tun hwarko. A Abuja ana ce ma wanga..."

"Rufe min baki," in ji Inna.

Ta tsaya tana duban taron. Ta dubi tsohon da ya rungumi Labbo, har yanzu gemunsa jiƙe. Ta dubi matan da suka cika ƙofar zaure, idanu duk sun kumbura. Ta dubi Bara'atu, wadda jiya suka yi faɗa kan akuya, muryarta ta dushe don kuka. Wayar ta sake ɗaukar kiɗa. Inna ta buɗe kumbo, ta buɗe na ciki, ta kwance leda, ta kara a kunne. Kukan Husaina har sahun baya ana ji.

"Husaina, bar kuka, ban mutu ba. A'a, ni ta. Labbo na. Ke dai bari. Kuma ji nan, ki kwance ɗakin da kinka gyara min, ba ni zuwa Gummi." Ta saurara kaɗan. "Gwiwa ta yi ta ciwonta. Yau na ga jana'izata da idona, ta yi kyau, ba ni kai ta garin da sai an tambayi ko wace ce."

Ta kashe waya ta juya wurin Alhaji. "Ɗana, ka yi haƙuri, ka sha hanya. Gida ba na sayarwa ba na. Shigo ka sha hura."

Ɗan takalmin roba ya tsaya da juyawa.

"Inna, babur..."

"Ga ƙahwahunka nan biyu, duk da madubinsu."

Liman ya yanke hukunci nan take: Labbo zai wanke makara da sabulu, zai gyara kujerar Rufaida kafin biki, zai liƙe tagar da ya fasa. Inna ta ƙara da nata: kowane kaya ya koma inda aka ɗauke shi, a ka, ɗaya bayan ɗaya. Ta sa aka ajiye mata kujera a bakin zaure, jama'a suka ƙi watsewa, aka zauna kallo. Labbo na shiga yana fita, Inna na ba da umarni. Turmi can. Rediyo bisa taga, fuskarsa gabas. Ba nan takalmin yake ba, ɗan'uwansa ba zai gan shi ba.

A zuwa na ƙarshe ya sunkuya ɗaukar dutsen niƙa, abin rataye makullin ya zame daga aljihunsa ya faɗi gaban Inna. Ta ɗauka ta jujjuya shi.

"Wanga hwa, na mi na?"

"Ba shi da amfani yanzu, Inna. Yar da shi."

Inna ta dube shi kamar ya yi saɓo. Ta buɗe kumbo, ta buɗe na ciki, ta saka ɗan takalmin kusa da waya, ta rufe.

"Gidan ga ba a yar da komi. Wata rana shi yi amfani."